Kunnen Illo da Kaset ɗin Inna Daso

Amatullahi ƙawata, jawo tabarmarki nan kusa tun yara ba su taso daga lekkol ba. Kin san ni ba na son cin naman mutane, Allah Ya tsare mu. Amma abin da ya sami Illo mijin Sauda, tun ranar Juma'a yake cina, jiya ina tsakiyar lazimi ya taso mini, dole na koma farkon carbi.

Illo shi ne mai butik ɗin nan na bakin kasuwa, inda direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, suke tsayawa a zuba musu waƙoƙi a memori kafin su kama hanyar arewa. Shekara tara yana wannan sana'a a Tamanrasset. Waƙa dubu shida ce a cikin odinatarsa, wato kwamfutarsa, na Damagaram, na Maraɗi, jitar Abzinawa, har da na Larabawa waɗanda shi kansa bai san abin da suke cewa ba. Ba wanda ya taɓa kuka da aikinsa. Bakinsa ne kawai ya fi butik ɗin faɗi.

Ranar nan wani Balarabe mai aikin ɗaukar murya ya tsaya sayen waya zai wuce Mertoutek. Da ya ga tulin waƙoƙin sai ya zauna ya yi wa Illo bayani, ya ce ajiyar waƙa iri biyu ce. Akwai MP3, wadda ake matse waƙa a zubar da ɗan abin da kunne bai cika lura da shi ba, don ta yi ƙanƙanta ta shiga ko'ina. Akwai kuma FLAC, wadda ba a zubar da kome, sai dai tana da cin wuri. Mutumin ya yi kusan rabin awa yana magana. Illo ya saurari minti biyu na farko, sauran lokacin kuwa yana gyaɗa kai yana shirya jawabin da zai yi wa kasuwa.

Kafin azahar kowa ya ji cewa shekara da shekaru ana ciyar da kunnuwan jama'a da dusa. Illo ya ce shi dama ya daɗe yana jin akwai abin da ya ɓace a cikin waƙoƙin nan, tausayin mutane ne ya hana shi faɗa, don ba kowa Allah Ya ba irin kunnensa ba. Ya ce tun yana goye yana bambanta kukan kazar gidansu da ta maƙwabta. Ya sa aka rubuta masa allo da jan fenti: Illo Sarkin Kunne, A Nan Ba A Matse Waƙa. Sannan ya samo wata manhaja, ya tattara waƙoƙinsa dubu shida matsattsu ya umarce ta ta mai da su cikakku.

Kwana uku odinatar tana nishi. Ya yi mata fifita da mafici, ya ɗora mata jiƙaƙƙen tsumma kamar mai zazzaɓi. Da aka kai rabi ta ce wuri ya ƙare. Illo bai yi wata-wata ba, ya goge duk matsattsun da aka gama juyawa, ya ce dama me za a yi da dusa bayan an sami tsaba. Wuri ya sake ƙarewa, ya goge hotunan sunan 'yarsa. Wannan kam har yanzu Sauda ba ta sani ba.

A rana ta ukun Khalida ta biyo. Ita ce ƙanwar Sauda, wadda take aiki a buron buga takardu, kuma kin san tsakanin miji da ƙanwar mata ba a raga wa juna. Ta karanta allon, ta leƙa odinatar, ta tambaye shi daga ina ya samo cikakkun. Ya ce daga matsattsun mana, ya buɗe su ne suka koma yadda Allah Ya yi su.

Ta ce, "Yaya Illo, in ka ɗebi kauɗar tumatir ka zuba a babban buhu, sai ta koma ɗanya?"

Ya ce, "Ke kin san takarda, ni na san sauti. Dubi girmanta. Da cokali ce, yanzu ludayi."

"Iska ce ta cika ludayin. Abin da aka zubar tun farko ya tafi."

Illo ya juya ya gaya wa masu shan shayi cewa yarinyar nan tun tana ƙarama kunnenta ɗaya yake aiki, shi ma sai an ambaci abinci. Khalida, mai 'ya'ya uku, ta ce ta gode, ta yi masa fatan Allah Ya ba odinatar lafiya, ta tafi.

Wanda ya fara ɗanɗana sabon ilimi shi ne Mahamman direba, abokin Illo tun suna Damagaram. Memorinsa da yake ɗaukar waƙa ɗari takwas, yanzu da saba'in ya cika. Da ya yi ƙorafi, Illo ya ce rago saba'in ya zuba masa maimakon kaji ɗari takwas, ya je ya ji abin da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

Ya kuwa ji. Rediyon kamiyon Mahamman tsohuwa ce, ba ta san wata cikakkiya ba. Duk cikin memorin abu ɗaya ta iya karantawa, wani ɗan guntun gwajin makirfo da Illo ya taɓa yi ya shiga ciki bisa kuskure, yana ƙirga ɗaya, biyu da Faransanci: "An, de, an, de. Illo ne. Ana ji na? Ana ji na?" In ya ƙare ya koma farko. Mahamman ya kashe ta kafin In Amguel, gyangyaɗi ya fara ɗibarsa, dole ya sake kunnawa. A wani shinge jandarma ya leƙo ya ji murya tana kira, ya sa aka ɗaga kujera aka duba ko mutum aka ɓoye. Kwana huɗu, zuwa da dawowa, daga Mahamman sai Illo.

Da ya dawo ko gida bai je ba. Ya tsai da kamiyon a ƙofar butik, ya buɗe ƙofofi, ya ƙure murya. Daga ranar duk wanda zai gai da Illo a kasuwa ba ya cewa ina kwana, sai dai ya ce ana ji na. Har mai rake.

Illo ya ce laifin rediyon ne, ita ce jahila. Amma da direba na biyar ya dawo da irin wannan labari, sai ya rufe butik rabin yini ya sake matse waƙoƙin a ɓoye. Kuma don ya nuna bajinta ya matse su har dubu biyu suna shiga inda da ɗari takwas suke shiga. Washegari Balki mai waina ta zo da salularta, ta ce ita dai tana son a gaya mata wa ya sa kan mawaƙinta a cikin tulu, kuma tun yaushe mai kalangu ya koma kaɗa roba. Illo ya ce hayaƙin tanda ne ya toshe mata kunne. Ta ce to hayaƙin ya toshe na mijinta da na kishiyar uwarta da na akuyarsu, don ita ma da aka kunna ta bar gidan.

Ana cikin haka maganar kaset ɗin Inna Daso ta taso. Inna Daso ita ce mahaifiyar Sauda da Khalida. A zamaninta a Damagaram ba a bikin da ya amsa sunansa sai da kiɗan ƙwaryarta, ita tana bayarwa ƙawayenta huɗu suna amshi. Duka huɗun sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage na muryoyinsu kaset arba'in ne a cikin wata jakar fata a ƙarƙashin gadonta, babu irinsu a wurin kowa, ga zafi ya fara cin zaren. Inna ta ce ta yarda a juye su a inji tun ba su lalace ba, amma mutum ɗaya za ta damƙa wa jakar.

Illo ya ga hanyar wanke sunansa. In kaset ɗin suka shigo hannunsa, duk matan Damagaram da ke garin nan sai sun yi layi a ƙofarsa, a manta da maganar ana ji na. Tun kafin a ba shi ya ƙara layi a allonsa cewa waƙoƙin Daso na nan tafe. Sai dai ba shi da bakin roƙo. Shekara goma sha ɗaya da aurensa bai taɓa haɗa ido da surukarsa ba. In zai gaishe ta, daga zaure yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ta amsa daga bayan labule da ɗan abin da bai wuce lafiya lau ba. In ya hango ta a hanya sai ya tuna yana da uzuri a wani lungun. Saboda haka Sauda ya aika.

Sauda ta dawo ta ce Khalida ta riga shi. Ta juye kaset ɗaya don gwaji, ta ajiye cikakkiya a matsayin uwa wadda ba a taɓawa, ta fitar da ƙaramar matsattsa daga jikinta don salula da rediyon mota. Khalida ta ce haka ake yi, kuma a ƙaramar lasifikar da Inna take da ita ba mai iya bambanta su.

Wannan kalma ta ba mai iyawa ita ta tayar da Illo tsaye. Ya tafi buron Khalida da rabin kasuwa a bayansa, ya ce shi ko an ɗaure masa ido, ko ana daka a gefensa, daga numfashin farko zai faɗi wacce aka matse. Khalida ta ce ba sai an yi daka ba. Ranar Juma'a bayan la'asar a tsakar gidan Inna, za ta kunna waƙa ɗaya sau uku, ya faɗi matsayin kowace. In ya ci, jaka tasa. In ya faɗi, ya sauke allon da hannunsa. Aka kai wa Inna, ta ce ta ji.

Kwana biyu Illo yana kiwon kunne. Ya toshe su da auduga, ya daina shan ruwan sanyi, ya hana Sauda soya albasa wai ƙarar mai tana dakushe masa ji. Ranar Juma'a ko huɗuba sai da ya zare audugar gefe ɗaya.

Bayan la'asar gidan ya cika. Direbobi a gindin bango, mata a bakin madafa, Balki ta zo har da kujerarta. Illo ya tuɓe takalmi a zaure, ya durƙusa ya gai da labule, labule ya amsa. Khalida ta ajiye lasifika a bakin ƙofar ɗakin Inna, dab da labulen, ta ja waya zuwa soket. Mahamman ya karɓi aikin ɗaure ido, ya naɗa masa rawani zagaye bakwai har sai da Illo ya roƙa a bar masa hanci. Aka zaunar da shi a kan turmi a tsakiyar fili.

Khalida ta kunna ta farko, matsattsar. Ƙwarya ta ɗauka, muryar Daso ta ƙuruciya ta fito tana cewa a ba ta hanya ta wuce Birni gero ya nuna, mata huɗu suka amsa. Illo ya ɗaga hannu sama, ya karkata kai, ya ce a tsaya, ba sai an ƙarasa ba. Wannan ita ce cikakkiya. Ya ce yana jin zoben da ke yatsan mai kiɗa, yana jin wata kaza tana wucewa ta bayan masu amshi, kuma kazar baƙa ce. Mahamman ya tambaye shi ko ta yi ƙwai. Ya ce kada a dame shi.

Ta kunna ta biyu, cikakkiyar. Ya taɓe baki tun ba a je ko'ina ba, ya ce an ɗan taɓa wannan, kazar ma ta fita. Khalida ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Ta kai hannu za ta kunna ta uku ke nan aka ɗauke kuran, lantarki ya tafi. Fitilar lasifikar ta mutu. Khalida ta buɗe baki za ta ce a dakata, sai aka ji ƙwarya daga bayan labule. Ashe Inna tana zaune da ƙwaryar da take tsince shinkafa, ta ji muryar ƙawayenta har sau biyu, abin ya motsa mata. Ta juye shinkafar a faifai, ta kife ƙwaryar, ta ɗauko waƙar daga farko da muryarta ta yau. Shekara ashirin rabon da a ji ta.

Illo kuwa, da yake bai taɓa jin abin da ya wuce lafiya lau daga bakinta ba, sai ya kwashe da dariya a kan turmi.

Ya ce, "Khalida, kin raina ni. Wannan ai ko kurma ya gane. An matse ta har ta yi laushi."

Sauda ta yi gyaran murya. Mahamman ya matsa kusa ya ce Sarkin Kunne ya yi wa jahilai bayani dalla-dalla, don su ƙaru.

Illo ya gyara zama. Ya ce na farko, saman muryar duk an yanke, ba ta iya hawa inda take hawa. Na biyu, haruffa suna zubewa, kamar an cire wa waƙar haƙora. Na uku, ga numfashi yana yankewa a tsakiyar baiti, ga wani tari da ba ya cikin na asali, inji ne ya ƙirƙiro shi.

Sauda ta ce a hankali, "Malam, ya isa haka."

"Bari in gama, ilimi ne. Babban abin ma, ina masu amshi? Mata huɗu, an matse su sun fita gaba ɗaya. Wanda ya yi wannan aiki bai ji tsoron Allah ba. Irin wannan ko kyauta aka ba ni ba na ajiyewa a butik. A goge ta kawai."

Ƙwarya ta tsaya. Balki ta cusa bakin zanenta a baki, kafaɗunta suna rawa. Wani direba ya fita zaure da gudu, aka ji shi yana tari a waje.

Sai murya ta fito daga bayan labule, a natse, ba lasifika.

"Sauda, tambayi mijinki, da me za a goge ni?"

Illo ya kai hannu yana warware rawani, zagaye bakwai, kowane zagaye yana addu'ar ya tarar da lasifika tana aiki. Da ido ya buɗe, ga fitila a mace, ga labule an ɗage, ga Inna Daso da ƙwarya a gabanta tana dubansa. Karo na farko ke nan da suka haɗa ido tun ranar ɗaurin aure.

Inna ta ce wa Sauda ta gaya masa maganar haƙora gaskiya ce, huɗu sun tafi, kunnensa bai yi ƙarya ba a nan. Masu amshi ma an ɗebe su, amma ba inji ne ya ɗebe su ba.

Illo ya yi niyyar durƙusawa, ya yi niyyar gudu, jikinsa ya yi duka biyun a lokaci ɗaya. Turmi ya kife, rawanin da ya rage ya harɗe masa ƙafa. Hanyar zaure cike da mutane, saboda haka ya nufi katangar baya ya haye ta yadda ko ɗan shekara ashirin sai ya yi shawara. Ta can kuwa garken awakin maƙwabta ne. Aka ji faɗuwa, aka ji awaki sun watse, aka yi shiru. Mahamman ya je gindin katangar ya haɗa hannu a baki ya ce, "An, de, an, de. Illo, ana ji na?"

Daga can ƙasa wata ƙaramar murya ta ce ana ji.

Inna ta jawo jakar fata ta ɗora wa Khalida a cinya, ta ce a ajiye uwar yadda take, a raba wa mutane 'ya'yan. Sannan ta sake kife ƙwarya ta ɗauko baitin da aka katse mata. Wannan karon Sauda da Khalida da Balki suka karɓi amshi, mu ma na bakin madafa muka shiga, har aka kira magariba ba wanda ya lura kuran ya dawo.

Takalman Illo kwana uku suna zaure, ba shi da fuskar zuwa ɗauka. Ya sauke allon da asuba ya juya shi ya zama teburin shayi. Jiya Inna ta sa Sauda ta kai masa takalman a cikin leda, tare da memori ɗaya. Ya sa a odinatar. Waƙar nan ce, Khalida ta ɗauke ta da muryar yau, da tarin da kome. Saƙon da ya biyo ta shi ne, wannan cikakkiya ce, a ajiye a butik, kuma duk Juma'a za a aiko a duba ko an goge.

To kin ji, Amatullahi. Sauda ce ta ƙarasa mini na ƙarshen nan a kan amana, kuma mutumin har yanzu in ya ga ƙwarya sai ya sauya hanya. Don girman Allah ki bar shi a nan kan tabarmar, kada ki gaya wa kowa.